Giyar gwangwani: Abin da ke kayar da sabbin masu haɗa giya a gida a Birtaniya

Cikin tsakar dare ake jin ƙarar, kamar an harba bindiga a gareji ko a ƙarƙashin matakalar bene. Kafin mai gida ya sauko, ta biyu ta tashi. Idan ya buɗe kabad sai ya tarar da fasassun kwalabe, kumfa na malala a ƙasa, gilashi ya kafe a jikin katako, ɗaki duk ya ɗauki tsami.

Da wuya a sami wanda ya daɗe yana haɗa giya a gida a Birtaniya da bai san irin wannan labari ba, ko ya faru da shi ko da wani na kusa da shi. Kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an ɗura giyar a kwalba tun ba ta gama tsimuwa ba.

A ƙasar, doka ta bai wa baligi damar haɗa giyar da zai sha a gidansa. Galibin masu farawa da ƙunshin kanti suke somawa, wato gwangwani ɗaya ko biyu, da 'yar ledar yis a ƙarƙashin murfi, da takardar bayani. Abin da takardar ke alkawari shi ne lita 23 na giya cikin 'yan makonni, a kan kuɗin da bai kai na mashaya ba.

Abin da ba ta cika jaddadawa ba shi ne, daga lokacin da aka zuba yis a bokiti, mutum ya koma mai kiwon abu mai rai. Yis ɗin nan na masa da fanke da burodi, danginsa ne ke yin giya, kuma yana da abincinsa, da yanayin da yake so, da lokacin da yake ɗauka. Yawancin asarar sabon shiga daga rashin sanin wannan take fitowa.

Daga yankar lasisi zuwa kantin unguwa

Haɗa giya a gida tsohuwar al'ada ce a Birtaniya, sai dai ba kullum take a sake ba. Tun daga 1880 doka ta wajabta wa mai son yi ya yanki lasisi. A watan Afrilun 1963 ne ministan kuɗi na lokacin, Reginald Maudling, ya soke wannan sharaɗi.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A shekarun 1970 gwangwanayen haɗi sun shiga manyan shaguna, har da kantunan magani na Boots. Araha ce ta fi jan mutane a wancan zamani, kuma giyar da ake samu ba ta yi suna mai kyau ba, saboda yawan sukari da ƙarancin kulawa. Har yau akwai waɗanda idan aka ce musu giyar gida, wannan ɗanɗano ne ke faɗo musu a rai.

Amurka ta makara. Bayan haramcin giya na 1920 zuwa 1933, dokar tarayya ta ci gaba da hana haɗa giyar hatsi a gida har sai da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a watan Oktoban 1978, wadda ta fara aiki a Fabrairun 1979. Ta amince wa baligi ya haɗa galan 100 a shekara, kimanin lita 380, ko galan 200 a gidan da ke da baligai biyu ko fiye. Jihohin Mississippi da Alabama ne na ƙarshe da suka halatta, a 2013.

Al'adar ta kai har Fadar White House, inda a 2011 masu girkin Shugaba Barack Obama suka haɗa giya da zumar da aka ɗebo daga amyar da ke harabar fadar. A 2012 aka fitar da bayanin yadda suka yi ta.

Mene ne a cikin gwangwanin?

Wanda zai yi giya tun daga hatsi, aikin yini guda ne a gabansa. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a ɓarza. Sai a tsoma shi cikin ruwa mai zafin kusan digiri 65 a ma'aunin Salshiyas na tsawon kimanin awa guda. A nan ne sinadaran da tsiron ya samar ke mayar da sitacin hatsin ya koma sukari.

Masu kunun zaƙi sun san wannan dabara. Ita ce ke sa kunu mai kauri ya saki kuma ya yi zaƙi idan aka zuba masa niƙaƙƙen tsiron hatsi ko busasshen dankalin Hausa.

Bayan an tace ruwan mai zaƙi, sai a tafasa shi tare da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof. Shi ke ba giya ɗaci da ƙamshi, yana kuma rage ƙarfin wasu ƙwayoyin bakteriya.

Duk wannan aiki kamfani ne ya ɗauke wa mai sayen gwangwani. Kamfanoni irin su Muntons da ke garin Stowmarket a Ingila, da Coopers da ke Adelaide a Ostareliya, suna dafa ruwan, su janye mafi yawan ruwan da ke cikinsa, ya rage wani abu mai kauri da danƙo kamar maɗi. Shi ne a cikin gwangwanin.

Abin da ya rage wa mai gida bai kai aikin awa ɗaya ba. Ya tsoma gwangwanin a ruwan zafi don maɗin ya saki, ya juye a bokiti, ya narkar da shi da tafasasshen ruwa, ya cika da ruwan sanyi zuwa lita 23, ya duba zafinsa, ya barbaɗa yis, ya rufe. Sauƙin wannan mataki ne ke sa mutane su zaci sauran ma haka yake.

Araha ba ta ado

Zaɓe na farko da ke gaban sabon shiga shi ne tsakanin mai gwangwani ɗaya da mai biyu.

Mai gwangwani ɗaya yakan zo da maɗin da nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da rabi zuwa kusan biyu ba, kuma sai an ƙara masa kimanin kilo guda na sukari. Ya fi araha. Sai dai yis yana cinye farin sukari ƙarƙaf, ya bar barasa kawai, don haka giyar kan fito salam, ba jiki, kumfarta kuma ba ta daɗewa. Waɗanda suka saba sukan maye gurbin sukarin da garin tsiron sha'ir, ko su raba biyu.

Mai gwangwani biyu yakan kai kilo uku ko fiye na maɗi zalla, ba ya buƙatar ƙarin sukari. Ya fi tsada, amma ya rage wa mai koyo abu guda da zai iya kuskurewa.

Zaɓe na biyu shi ne nau'in giyar. Akwai manyan gidaje biyu, eyil da laga, kuma yis ne ya raba su. Yis ɗin eyil yana aiki a zafin ɗaki, tsakanin digiri 18 zuwa 22. Na laga sanyi yake so, wajen digiri 8 zuwa 13, sannan giyar na buƙatar makonni a cikin sanyi bayan haka. Wanda ba shi da firijin da zai keɓe wa bokiti ba zai iya ba ta haƙƙinta ba.

Kamfanoni sun san haka, shi ya sa gwangwanaye da yawa masu ɗauke da sunan laga yis ɗin eyil ne a cikinsu. Mai saye da ke sa ran irin lagar da ya saba sha a mashaya yakan ji bambanci, ya ɗauka kuskurensa ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake ba masu farawa shawarar somawa da giya mai duhu da ƙarfin ɗanɗano. Tana rufa asiri. Ƙaramin kuskure yakan ɓace a cikin ɗaci da ƙamshin gasasshen hatsi, alhali giya mai haske komai ƙanƙantar aibinta sai ya fito.

Abu na uku shi ne kwanan wata. Maɗin da ya daɗe a kan kanta yakan yi duhu, ya ɗauki wani ɗanɗano na tsufa da ba ya fita. Yis ɗin da ke ƙarƙashin murfi ma yana rauni, musamman idan ya sha zafi a sito. Ledar kan zo da giram biyar zuwa bakwai, yayin da wadda ake sayarwa daban takan kai giram 11. Mutane da yawa sukan ajiye ta biyu a firiji saboda ɓacin rana.

Sai kayan aiki, waɗanda ba su da yawa: bokitin roba irin na abinci mai ɗaukar lita 25 zuwa 30, dogon cokali, tiyo, ma'aunin zafi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwalabe da murafu, da ma'aunin kaurin ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne wanda sabon shiga ya fi yawan tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci.

Zafi da sanyi

Sai a ƙarni na 19 ne aka tabbatar da abin da ke faruwa a cikin tukunyar giya. Masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke haddasa tsimuwa, ya kuma wallafa bincikensa kan giya a 1876. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Denmark, ya ware nau'in yis guda ɗaya tsantsa, ya raine shi.

Aikin yis shi ne ya ci sukari ya fitar da abu biyu, barasa da iskar kabon, kusan rabi da rabi a nauyi. Bokitin lita 23 na giya mai matsakaicin ƙarfi yana fitar da iskar da ta haura lita 300 kafin ya gama.

Yadda zai yi wannan aiki ya dogara ga zafi. Idan aka barbaɗa shi a ruwan da ya yi zafi da yawa, zai iya mutuwa tun kafin ya fara. Idan ɗakin ya yi ɗumi fiye da kima, sai ya yi aiki da gaggawa, ya fitar da sinadaran da ke sa giya ƙamshin ayaba, ko kaifi mai ƙona maƙogwaro kamar na sinadarin goge farce. Wannan aibi ba ya gyaruwa.

Idan kuma sanyi ya yi yawa, kamar gareji a hunturun Ingila, sai yis ya kwanta a ƙasan bokiti ya daina aiki, sukari na nan bai ƙare ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne tsimuwa kanta tana haifar da zafi. A kwanakin farko, cikin bokiti yakan fi ɗakin zafi da 'yan digirori. Don haka wurin da zafinsa ba ya hawa da sauka ya fi dacewa, nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki. Wasu kan ajiye bokitin cikin baho mai ruwa lokacin bazara, wasu kuma su lulluɓe shi da bargo lokacin sanyi.

Wanka daban, kashe ƙwayoyi daban

Ruwa mai zaƙi da ɗumi abinci ne ga kowace irin ƙwaya, ba yis ɗin leda kaɗai ba. Akwai yis na daji a iska da jikin 'ya'yan itace, akwai bakteriyar da ke sa nono tsami, akwai wadda ke mayar da barasa ruwan khal. Duk wanda ya riga shiga bokiti shi zai yi mulki.

Shi ya sa masu wannan harka ke raba aiki biyu. Na farko wanke datti da ido ke gani. Na biyu jiƙa duk abin da zai taɓa giyar a cikin maganin kashe ƙwayoyi, tun daga cokali da tiyo har murfin kwalba. Maganin ba ya ratsa datti, don haka na biyun ba ya yiwuwa sai an yi na farkon.

Wuraren da ƙwayoyi suka fi maƙalewa su ne cikin famfon bokiti, cikin tiyo, da ƙarzunan da soson ƙarfe ke bari a jikin roba. Bokitin da ya ƙarje sosai canza shi ake yi.

Mai amfani da bilic kuma yana da nasa tarkon. Idan bai ɗauraye sosai ba, kulorin da ya rage yakan haɗu da wasu sinadaran giyar ya ba ta warin asibiti, irin na maganin wanke ciwo. Ruwan famfo mai yawan kulorin ma yana jawo haka. Rabin ƙwayar Campden a cikin lita 23 na ruwa, kafin a zuba maɗi, yana kawar da shi.

Ido na ruɗi, ma'auni ba ya yi

Tambayar da sababbi suka fi yi ita ce me ya sa giyarsu ba ta motsi. Yawancin bokitai na da wani ɗan lanƙwasasshen bututu a murfi, mai ɗan ruwa a ciki, wanda ke barin iska ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba. Idan yana ɓulɓul, hankalin mai gida ya kwanta. Idan ya yi shiru, sai tsoro ya kama shi.

Sau da yawa ba abin da ya faru. Murfin roba ba ya rufuwa ruf, iskar na sulalewa ta gefe. Haka kuma yis yakan ɗauki yini ɗaya, wani lokaci biyu, kafin aikinsa ya bayyana. Kumfa a saman ruwa, ko zoben datti a jikin bokiti, sun isa shaida cewa ya fara.

Akasin haka ma na faruwa. Bututun na iya yin shiru alhali aiki bai ƙare ba, ko ya ci gaba da ɓulɓul bayan an gama, saboda sauyin yanayi kawai.

Abin da ke raba gardama shi ne ma'aunin kaurin ruwa, wani siririn gilashi da ke yawo a cikin ruwa. A ruwa zalla yana nuna 1.000. Sukari na ƙara wa ruwa nauyi, don haka a ranar farko giyar gwangwani takan nuna wajen 1.040. Yayin da yis ke cin sukarin, lambar na sauka, har ta tsaya a wajen 1.010.

Da lambobin biyu ake lissafa ƙarfin giyar. A cire ta ƙarshe daga ta farko, a ninka da 131. Daga 1.040 zuwa 1.010, barasar ta kusa kashi huɗu cikin ɗari ke nan.

Ƙa'idar da aka fi jaddadawa ita ce a auna yau, a sake aunawa bayan kwana biyu. Idan lambar ba ta motsa ba, kuma ta kai inda takardar ta ce, an gama. Takardu da yawa kan ce kwana huɗu zuwa bakwai sun isa, amma waɗanda suka saba sukan bar ta mako biyu, domin a kwanakin ƙarshe ne yis ke komawa ya share wasu sinadaran da ya zubar tun farko.

Idan kuwa lambar ta maƙale a wajen 1.020 ta ƙi sauka, yis ne ya kwanta da wuri. Maganin shi ne a kai bokitin wuri mai ɗan ɗumi, a motsa ƙasan a hankali da tsabtataccen cokali ba tare da an kaɗa iska ciki ba, a jira kwana biyu ko uku. Idan ya ƙi, a zuba sabon yis.

Yadda kwalba ke zama bam

Giyar da ta gama tsimuwa a bokiti ba ta da gas sosai, domin yawancin iskar ta fice. Don a samar da shi, ana zuba sukari kaɗan, kimanin rabin ƙaramin cokali a kwalbar rabin lita, a rufe. Ragowar yis zai cinye shi, iskar kuma ba ta da hanyar fita, sai ta narke cikin giyar. Ana barin kwalaben a wuri mai ɗumi kimanin mako biyu, sannan a mayar da su wuri mai sanyi.

An auna wannan sukari ne daidai da abin da gilashi zai iya ɗauka. Giya ta yau da kullum na riƙe da iskar da ta ninka girman ruwanta sau biyu zuwa biyu da rabi.

A nan haɗarin yake. Wanda ya ɗura giyarsa tana kan 1.020, alhali za ta sauka zuwa 1.010, ya rufe sukarin da zai ƙara iskar da ta ninka girman ruwan kusan sau biyar a kan wadda aka yi niyya. Kwalbar giya ba a yi ta don wannan nauyi ba. Sauri ya haifi nawa.

Wasu abubuwa biyu na jawo irin wannan sakamako. Ɗaya shi ne zuba sukarin fiye da kima, ko rashin gauraya shi daidai, ta yadda wata kwalba za ta samu ninkin wata. Ɗayan shi ne yis na daji, wanda ke iya cin sukarin da na leda ya bari, a hankali, tsawon makonni. Alamarsa ita ce giyar da ta yi daidai a wata na farko, a na biyu kuma ta riƙa ambaliya da an buɗe.

Nau'in kwalba ma na da tasiri. Wadda aka yi don abin sha marar gas ba ta jure matsi. Shi ya sa ake ba masu koyo shawarar amfani da robar lemo mai gas, ko aƙalla su cika guda ɗaya a cikin jerin. Ita ce 'yar rahoto. Idan ta yi tauri kamar dutse cikin kwana biyu ko uku, akwai matsala. Abin yi shi ne a sanyaya dukkan kwalaben, a sa safar hannu da tabarau, a sassauta murafu iska ta ragu.

Abin da harshe ke faɗa

Kowane aibi na da labarin da yake bayarwa, kuma mai koyo da ya iya karanta shi ba ya maimaita kuskure.

Ƙamshin ɗanyen tuffa yana nuna giyar ba ta nuna ba. Ƙarin lokaci yakan gyara shi. Ɗanɗanon man shanu alama ce ta an raba giyar da yis da wuri, ko sanyi ya kama shi kafin ya gama sharar ƙarshe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai lokacin tsimuwa, musamman da yis ɗin laga, yawanci yakan gushe da kansa.

Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali na nufin iska ta shiga giyar bayan ta gama, galibi saboda fantsama wajen ɗurawa. Shi ya sa ake kai bakin tiyo har ƙasan kwalba. Wani wari mai kama da na tunku kuwa hasken rana ne ke jawo shi, idan ya ratsa farar kwalba ko koriya ya taɓa sinadaran hof. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi karewa.

Giyar da ba ta yi gas ba, ko dai an ajiye ta a sanyi da wuri, ko murfi bai kama ba. Lakar da ke kwanciya a gindin kwalba ba aibi ba ce, yis ne da ya gama aikinsa, ana tsiyaye giyar a hankali a bar shi.

Wanda ba shi da magani shi ne tsamin khal, ko fumfuna mai gashi-gashi a saman ruwa. Wannan zubarwa ake yi, a duba kayan aiki kafin a sake.

Inda doka da lafiya suka ja layi

'Yancin da dokokin Birtaniya da Amurka suka bayar na da iyaka. Sayar da giyar gida ba tare da lasisi ba laifi ne. Haka ma dafa ta a tara tururinta don a fitar da barasa mai ƙarfi.

Giyar hatsi da ta lalace yawanci baki take ɓatawa, domin tsaminta da barasarta ba sa barin galibin ƙwayoyin cuta su rayu. Mace-macen da ake ji sun fi alaƙa da barasa mai ƙarfi ta bayan fage, ko haɗin da aka zuba wa sinadarin masana'antu, musamman metanol, wanda ke makantarwa kuma yana kisa. Najeriya ta ga haka a 2015, lokacin da mutane suka mutu a garin Ode-Irele na jihar Ondo da kuma jihar Ribas bayan shan ogogoro, hukumomin lafiya suka danganta lamarin da metanol.

Afirka ta Kudu ta ga abin da ke faruwa idan dubban mutane suka zama sababbin shiga a lokaci guda. Da gwamnati ta hana sayar da giya daga ranar 27 ga Maris 2020 saboda kullen korona, mutane suka koma haɗa ta da abarba da sukari da yis, har farashin abarba ya tashi. An kuma sami rahotannin mutuwar wasu bayan shan haɗin da ba a san abin da aka zuba masa ba.

Ko giyar da aka haɗa daidai, barasa ce, da duk illolinta ga hanta da hankali da aljihu. Musulunci ya haramta ta, kuma a jihohin arewacin Najeriya da ke aiki da shari'a, yin ta ko sayar da ita laifi ne.

Sai dai yis bai san iyakar ƙasa ba. Masu burkutu a tsakiyar Najeriya da masu fito a arewacin Ghana da tsiron dawa suke aiki, kuma giyarsu ana shanye ta ne cikin kwana ɗaya ko biyu tana kan tsimuwa, a buɗaɗɗiyar tukunya, don haka matsalar fashewar kwalba ba ta taso musu.

Wadda ta fi fuskantar ta ita ce mai sayar da zoɓo ko kunun aya. Ruwa mai sukari, a rufaffiyar roba, cikin zafin rana, shi ne dai yanayin da ke cikin kabad ɗin nan na Ingila. Robar da ta kumbura, ta yi tsit da an murɗa murfi, alama ce cewa ƙwayoyin daji sun fara cin sukarin, kuma inda yis ya yi aiki, tare da iskar akwai ɗan abin da ya samar na barasa, wanda ke ƙaruwa da daɗewa. Tsabtar roba da ƙanƙara ne ke jinkirta shi.

Shi kuwa mai gidan da ya kwashe gilashi cikin dare, idan bai yi zuciya ya jefar da bokitin ba, a karo na biyu yakan sayi ma'aunin da ya raina da farko. Yakan liƙa takarda a jikin murfi, ya rubuta kwanan wata da lambar da ya gani. Idan ta ranar Litinin ta zo daidai da ta Laraba, sannan ya fara wanke kwalabe.